Wa Zai Ƙara Yi Wa Maigidana Tsiya, Baffa Giɗaɗo?

Bari in fara da abin da nake nema, kafin kuka ya zo ya mantar da ni. Ina neman Bafillace guda ɗaya, mai baki, wanda ba ya jin nauyin mara lafiya, ya zo babban asibitin Zariya, ɗakin maza, gadon da ke jikin taga, ya riƙa yi wa maigidana tsiya lokacin cin abinci. Ba hatsi nake roƙo ba, ba zane ba. Tsiya kawai. Malam Sama'ila, rubuta shi yadda na faɗa, kada ka gyara mini. Na san kai malamin yaƙi da jahilci ne, amma yau ka ƙyale mini nawa, da shi zan yi magana.

Ni ce Zulaihatu ta Kudan, matar mai matse raken nan na bakin fadama, ɗan gidan Malam Uwaisu Babarbare. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, kun dai gane shi. Wannan magana a karanta ta a gaban masu zaman makoki a rugar Baffa Giɗaɗo da ke bayan Likoro. Da ƙafata ya kamata in zo, in durƙusa gaban uwargidansa Goggo Ummulhairi in yi mata gaisuwa, amma ba ni da halin barin gefen gadon nan, kuma za ku ji dalili.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffa Giɗaɗo ya rasu ranar Lahadi da hantsi, bakwai ga watan azumin tsofaffi, shekara uku ke nan da Turawa suka miƙa mulki. A gabana ya cika. Baffa, kai da ka yi ta cewa duk duniya babu tsohon da ya riƙe azumin watan nan kamar ka, tun da kai ko sahur ba a ba ka, to ga shi ka sha ruwa a inda ya fi nan.

Ku mutanen ruga kun san shi da sanda da shanu. Ni ban san wannan Giɗaɗon ba. Wanda na sani tsoho ne siriri kamar sillen kara, kwance a gadon ƙarfe, an rataya masa kwalba a bisa kai, roba ta sauko ta shiga jijiyar hannunsa. Don haka ku yi haƙuri in ba ku labarin nawa Giɗaɗon, ku haɗa da naku.

Maigidana zazzaɓin nan mai cin hanji ne ya kama shi tun rake bai nuna ba. Aka ɗauko shi a motar kasuwar Makarfi, aka yi masa aiki. Likita ya ce hanjin ya huje, an ɗinke, amma sai ya huta, ba ci ba sha, sai dai a jiƙa auduga a shafa masa a leɓe. Abincinsa ƙarin ruwa, kwalba ta ƙare a sa wata. Mu mun zaci abin kwana biyu ne. Ga shi har an fara dafa mazarƙwaila a Kudan, dokin da ke juya masa injin matsa yana hannun wani, shi yana nan yana kallon ruwa yana ɗiga.

Mutumin nan kuwa, Allah ya sani, mai son abinci ne. Ba haɗama ba, kada ka rubuta haɗama. Shi dai mutum ne da ba ya iya ci shi kaɗai. A ƙofar gidansu ake ciyayya, kowa ya fito da akushinsa bayan magariba, shi ne mai rabon nama, shi ne mai faɗin miyar gidan wa ta fi. Sai ga shi an cire shi daga cikin masu sa hannu a kwano.

Mutanenmu kuma suka yi abin da suka iya. Ai ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Ranar da suka zo, mota guda, kowa da kwanonsa: tuwon dawa miyar kuka, dambu, har da kaza da man shanu. Sista ta ce ba zai ci ba. Suka ce to, kada a yi asara, albarkatun Allah ne. Suka shimfiɗa tabarma a gindin gadonsa suka buɗe. Kuma da yake mutane ne masu tarbiyya, duk wanda zai kai loma sai ya ɗaga kai ya ce masa, “Bismillah.” Baffa, ba ka zo ba tukuna a lokacin, da ka ga abin da idonka. Wani har yana ce masa, “Wallahi miyar nan irin wadda kake so ce.”

Da suka tafi, ya juya fuska bango. Washegari ya cire allurar daga hannunsa. Na zaci kuskure ne, juyi ya yi. Aka mayar. Ya kira wansa, Yaya Inuwa, ya ce ya ba shi addarsa ta yankan rake halak malak. Ya ce da ni in yafe masa, in ɗauki yarinyar nan da ke bayana in koma gida. Ya ce wanda ba ya sa hannu a akushi ai ba ya cikin mutane, kwalba kawai ake ɓatawa a kansa. Daga nan bai ƙara magana ba. Ni kuwa ga goyo, ga baƙon gari, ko hanyar tasha ban sani ba.

Ana nan aka shigo da kai, Baffa, ciwon maƙogwaro ya hana ka haɗiyar ko da nono. Ɗanka Ahmadu yana riƙe da kai, kai kuma kana riƙe da sandarka, ka ce ba za ka kwanta ba sai da ita. Aka sa ka a gadon da ke kusa da namu. Ka waiga, ka ga tsagar Barebari a kumatun maigidana, sai na ga idonka ya yi haske kamar ka tsinci ɓatacciyar karsana. Muryarka ba ta fita sosai, amma duk ɗakin ya ji. Ka ce, “A'a! Wa ya ɗora mini Babarbare a kan gado? Ku sauke shi ƙasa, kada ya saba.”

Na ji kamar in nutse. Na san Fulani da Barebari abokan wasa ne tun kaka da kakanni, amma ban san ana kai wasan har bakin kabari ba. Na buɗe baki zan ce, Baba, ba shi da lafiya, sai na ji gado ya yi ƙara. Mutumin da ya yi kwanaki bai ce uffan ba ya juyo, ya dube ka sama da ƙasa, ya ce, “Sista, ku lura da wannan, bai taɓa ganin gado ba, zai iya ɗaure shi a turke.”

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Ni kuwa na fita waje na zauna a gindin dalbejiya na yi ta kuka, mutane suna ta yi mini ta'aziyya, sun zaci rasuwa aka yi.

Abin da ka ƙirƙiro bayan nan shi ne ban taɓa gani ba. Da azahar in aka shigo da abincin sauran marasa lafiya, ƙamshi ya cika ɗaki, lokacin ne maigidana ke jan mayafi ya rufe kai. Sai ka ce da ni, “'Yar nan, kawo ruwan wanke hannu.” Na ce, Baffa, na me? Ka ce, “Ke a garinku da dauɗa ake ci?” Na kawo. Ka wanke, ka sa shi ma ya wanke. Ka ɗaga kai ka dubi kwalbarka ka ce taka fura ce da kindirmo, damun Goggo Ummulhairi. Ka dubi tasa ka ce, “Kai kuma me aka sa maka yau?” Ya ce ruwa ne. Ka ce ƙarya yake, rowa ce irin ta Barebari, ba ya son a sa masa hannu. Sai ka juyo kaina, ka ce ai ni ce mai girki, in faɗi abin da na dafa.

Na ce tuwon masara da miyar kuɓewa, don dai in rabu da kai. Ka lumshe ido, ka motsa baki, ka ce gishiri ya yi yawa.

Malam, rubuta wannan da kyau: gishirina bai taɓa yin yawa ba. Ko a wajen uwar mijina ban taɓa jin haka ba. Miyar da ban dafa ba, a tukunyar da babu, tsoho ya ce na cika gishiri, kuma wallahi sai da raina ya ɓaci. Maigidana ya ce, “Kai da ba ka san miya ba sai tsamiyar nono, ina ka san gishiri?” A kan miyata suka yi ta musu har kwalba ta kai rabi. Tun da aka yi aurenmu bai taɓa yabon girkina a gaban mutane ba sai ran nan, da babu girkin.

Shi ke nan abin ya zama kullum. Ni ce mai faɗin abinci, kuma ka hana ni maimaita miya kwana biyu a jere. Na dafa muku abin da ban taɓa dafawa ba a duniya. Na yanka muku raguna, Baffa, ni da ko zakara ba ni da shi. Kuna kallon ɗigon kwalabenku kuna gasa. In tasa ta riga ƙarewa ka ce haɗama, in taka ta riga, ya ce yunwar daji. Ƙarfen da ake rataya kwalbar ka sa masa suna Nagge, ka ce da Fillanci saniya ke nan, kuma duk garkenka babu mai haƙurinta, ana tatsarta dare da rana ba ta taɓa harbi ba. Duk wanda ya gifta sai ka yi masa bismillah. Har likita, Bature ne dogo, sai da ya koyi dafa ciki ya ce, “Alhamdu lillahi, na ƙoshi.” Masu cin abincin gaske a ɗakin suka fara jin kishi. Wani mai karaya a ƙafa ya ture kwanonsa ya ce shi ma a sa masa irin namu, tun da mu kullum da nama.

Ba zan manta da zuwan uwar mijina ba. Ta ce abin nan ba ciwo ba ne kaɗai, da hannu a ciki, ta kawo rubutu a ƙoƙo daga wajen malaman Ikara. Aka ce ba ya sha. Ta zauna tana kallon kwalba, tana kallon ƙoƙo. Ni na gane abin da ke ranta, amma wace ni in hana? Ta miƙe ta kama ƙarfen za ta kwance. Sai ka ɗaga sandarka ka tare, cikin ladabi, ka ce, “Yaya, wannan hanya ta likita ce, kada mu shiga gonarsa. Ayar Allah ba ta rasa ƙofa. Shafa masa a ka, nan ne Barebari ke da rauni.” Ta yi dariya, ta shafa masa, ragowar ka ce a shafa maka a wuya. Sista da ta ji labari ta riƙe kai ta ce da an zuba da sai dai wani ba shi ba.

Amma akwai ranar da ba ka yi wasa ba, kuma saboda ita ce na sa ake wannan rubutu. Da la'asar ne, na je bayan ɗaki shanya. Iska ta kawo ƙamshin rake da ake dafawa daga wani wuri, ko kuwa maigidana ne ya ji haka, oho. Ka ga hannunsa yana lallaɓar filastar da ke riƙe da allurar. Da wannan muryar taka da ba ta fita, ka buga sanda a ƙarfen gado ka yi ta kiran Sista har ta zo da gudu. Ya ji haushi ƙwarai, ya ce ka tona masa asiri. Na shigo na tarar kana tambayarsa gatsau, abin da ni ban iya tambaya ba. Ka ce, “Mutuwa kake so?” Ya ce e, wani lokaci.

Na jira in ji ka yi masa wa'azi, ko ka ce ya ji kunya. Ba ka yi ba. Ka ce kai ma yana zo maka, musamman da safe, lokacin da ka san ana kwance maruƙa a ruga ba ka nan. Ka ce ko a filin sharo, saurayin da ake tsula wa bulala yana murmushi ne don abokansa na tsaye a bayansa suna yi masa kirari. Ba a barin mutum shi kaɗai a fili. Ka ce, “In naka ya zo ka gaya mini, in nawa ya zo in gaya maka. Wanda ya ɓoye shi ne rago.” Sannan ka kira ni, ka ce, “'Yar nan, wannan ba abin rufewa ba ne. Ciwo ne kamar na cikinsa. Duk ran da kika ga alama, ki faɗa, ki faɗa da ƙarfi, ko zai yi fushi. Fushi na masu rai ne.”

Tun daga nan nakan ji shi wani lokaci ya ce a hankali, “Bafillace, ya zo.” Kai kuma ka ce, “To, ba shi tabarma, ya zauna ya ji yadda Barebari suka sayi jaki suna zaton doki ne.” Ka yi ta zuba har abin ya wuce. Sau ɗaya na ji kai ma ka ce, “Babarbare, nawa ya zo.” Ran nan shi ya yi ta ba ka labarin ƙarya har ka yi barci.

Ka sa Ahmadu ya kawo maka ludayinka na shan fura, ka rataya a jikin Nagge. Ka ce ran da likita ya yarda maigidana ya sha koko, da wannan ludayi zai sha, don ya san da arzikin Fulani ya tashi. Na ce, kai fa, Baffa? Ka ce kai ka sha naka tun kafin a haife mu. Yanzu na gane ka riga ka san maƙogwaronka ba mai buɗewa ba ne. Ka sani, amma kullum sai ka wanke hannu.

Ranar Lahadin nan ma sai da ka ce in dama fura. Na ce na dama. Ka ce ta yi ruwa. Ka yi salati, ka yi shahada, Ahmadu yana riƙe da kanka. Maganarka ta ƙarshe da ni ke nan a duniya, wai furata ta yi ruwa. Na yafe maka, Baffa, duniya da lahira, har da gishirin.

To, jama'a, ga inda muke. Tun da aka fitar da shi, maigidana ya koma kallon bango. Na kawo ruwan wanke hannu, bai miƙo ba. Na ce yau dambun zogale ne, ya ce in bari. Shekaranjiya na ji ya ce, “Bafillace ya riga ni hutawa.” Wannan kalma ita ta hana ni barci. Ga shi likita ya ce hanjin yana haɗewa, in an yi sa'a kafin azumi a gwada shi da koko. Saura ƙiris, amma ƙiris ɗin nan sai da wanda zai raka shi.

Ahmadu, Allah ya yi maka albarka, ka dawo ka duba mu cikin makokinka. Amma kai yaron kirki ne, shi ne matsalar. Ka durƙusa ka ce masa, “Sannu, Allah ya ƙara sauƙi.” Sannu muna da ita buhu-buhu, kowa ita yake kawowa. Ni ma na gwada yin abin da kaina. Na tsaya a kansa, na riƙe ƙugu, na ce yau sai na yi masa tsiya irin ta Baffa. Na ce, “Kai...” Ya dube ni. Na ce, “...sannu da jiki.” Ba zan iya ba. Mijina ne, ba abokin wasana ba, kuma ni Bahausa ce, ko na yi ba ta shiga.

Shi ya sa na ce ku duba cikinku. Ruga guda ba ta rasa tsoho mai baki wanda ya ishi kowa. In akwai wanda kuka gaji da shi, shi nake so. Ba sai ya kwana ba. Ya zo da azahar, ya wanke hannu, ya kushe miyata, ya kushe kakannin maigidana, in ya ji an ce “ya zo” kada ya tsorata, ya zauna har ya wuce. In ya gaji wani ya canje shi. Ludayin yana nan a rataye, Sista ta ce ba mai taɓa shi.

Allah ya jiƙan Baffa Giɗaɗo, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Yunwa da ƙishirwar da ya sha, Allah ya sa kaffara ce. Allah ya shayar da shi daga tafkin Alkausara, ya buɗe masa maƙogwaro ya sha har ya ƙoshi. Goggo Ummulhairi, Ahmadu, da ƙannensa, da jikoki, da duk mutanen ruga, Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci abin da ya bari, na gida da na garke. Mu kuma in tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani.

Kada ku ce na zauna ina jiran ku kawai. Na yi yadda ya ce. Na gaya wa Sista kalmar da na ji, ta matsar da gadon jikin taga, inda idonta ke kaiwa. Na tare likita a ƙofa na gaya masa, Malam Sama'ila ya yi mini tafinta, likitan ya zauna ya yi magana da maigidana da kansa. Na aika wa Yaya Inuwa, ya bar rake ya zo, yanzu haka shi ke zaune a gefen hannun mai allurar. Na gaya wa uwarsa, na gaya wa limamin unguwarmu. Ɗazu kuma, kafin mu fara rubutun nan, na gaya wa shi mai gadon. Na ce na faɗa wa kowa, kuma zan aika ruga a turo maka wani Bafillacen, ka yi fushi in za ka yi. Fuskarsa na bango. Har na juya zan fita, sai na ji ya ce, “Ki ce su turo wanda ya yi wanka.”